Tauraron da Ke Kan Katangar Alhaji Zakiyyu

A unguwar Tudun Fulani ta Minna kaf, idan aka ɗauke wuta mutum ɗaya ne ke cewa alhamdu lillahi, shi ne Maiwada mai gyaran kyamara. Kowa na tsaki, masu sayar da ƙanƙara na salati, shi kuwa sai ya fito ƙofar gida ya ɗaga kai ya ga ko akwai gajimare. An daɗe da saninsa da wannan hali, ba kuma wanda abin ya dama, don mutum ne da ba ya shiga sabgar kowa. Sai a shekarar da ya cika hamsin da uku aka ce an gan shi a saman gidansa yana leƙen matar maƙwabcinsa. Wannan maganar ce ta fito da wani taurin kai da ko matarsa Hidaya ba ta san yana da shi ba.

Kakansa aikin jirgin ƙasa ne ya kawo shi Minna. Ubansa ya zauna gyaran agogo kusa da tasha, Maiwada ya tashi da ƙaramin gilashi maƙale a ido yana tsintar haƙoran agogo da hantsaki. Da wayar hannu ta kashe kasuwar agogo, bai tsaya kuka ba, ya koma gyara kyamarorin masu hoton biki a wani ɗan shago a Bosso. A nan ne wata rana abokinsa Josiah, tsohon ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, ya sauke masa wani bututun hangen nesa daga Keke Napep, da ƙafafunsa uku da wani kai mai nauyi da ya daina juyawa.

"Idona ya mutu, Maiwada," in ji Josiah. "In ya gyaru, naka ne."

Da ya buɗe kan, sai ya ga ashe agogo ne babba: haƙora ne ke juya bututun a hankali, daidai da yadda sama ke juyawa, don kada tauraro ya kuɓuce masa. Sati biyu ya gyara shi. Ya kalli wata, ya yi mamakin ramukansa kwana uku, ya gaji. Abin da ya kama zuciyarsa shi ne abubuwan da ido ba ya gani ko ta cikin bututun, sai an ɗaura kyamara an bar ta a buɗe tana shan haske kaɗan-kaɗan. Cikinsu akwai wani gungun taurari mai nisan da hankali ba ya ɗauka, wanda hannayensa suka murɗe suka zagaye tsakiyarsa kamar saƙar faifai. Masana sun ba shi lamba, M74, sun kuma ce haskensa ya yi shekara wajen miliyan talatin yana tafe. Shi kuwa Maiwada, Faifai yake ce masa, kuma ya rantse sai ya ɗauki hotonsa da hannunsa, daga Minna.

Aikin ba na mai gaggawa ba ne. Kyamara takan yi minti biyu a buɗe ta ba da hoto ɗaya, baƙi ƙirin, sai ɗan dishi-dishi a tsakiya. Sai an tara irinsa ɗaruruwa an haɗa su a kwamfuta kafin hannayen Faifai su fito. Maiwada ya lissafa yana bukatar awa goma sha biyar. Lokacin kuma gajere ne: daga ɗaukewar damina, sa'ad da ruwa ya wanke sama tas, zuwa 'yan makonni kaɗan, a cikinsu ma sai dararen duhun wata. A da gonar Josiah yake zuwa bayan gari, amma saboda rashin tsaro, kwana a daji ya daina zama abin da mai iyali zai yi. Saboda haka ya zuba dekin, wato rufin kankare, a kan ɗaki ɗaya na gidansa, ya kafa tsani.

To ga inda matsalar take. Kafin kan nan ya bi sama daidai, dole a saita gindinsa ya fuskanci tauraron arewa, wanda shi kaɗai ne ba ya motsi. Akwai wani ɗan ƙaramin madubi a jikin kan, ta nan ake durƙusawa a nemo shi. A Minna kuwa tauraron arewa ƙasa-ƙasa yake, in ka miƙa hannu ka dunƙule, bai fi dunƙulen nan tsayi daga ƙasa ba. Arewa da dekin ɗin Maiwada gidan Alhaji Zakiyyu mai siminti ne. Tauraron nan, don neman rigima, bai sami wurin zama ba sai daidai saman katangar makewayin gidan, wanda ba shi da rufi.

Kowa a unguwar ya san ƙa'ida. Namiji ba ya hawa rufi ko bishiyar da ke kallon gidan wani sai ya aika an gaya wa mutanen gidan, mata su kimtsa. Ranar da magina suka zuba dekin, Maiwada da kansa ya bi gida-gida ya faɗa. Amma da ya fara hawa da dare sai ya ce a ransa, duhu ne, me za a gani? Bai aika ba. Dare biyar ya yi yana hawa, ya tara awa tara. A dare na shida, bayan isha'i, Hajiya Rabi'atu matar Alhaji Zakiyyu ta fito da bokitin wanka, ta ɗaga kai, ta ga wata 'yar jar fitila a sama, da mutum a durƙushe ya manna ido a wani ƙarfe da ya miƙo gidanta. Ta saki bokitin ta koma ɗaki da gudu.

Kafin azahar washegari, labarin ya kai har unguwar Shango ya dawo da ƙari. An ce kyamarar tana gani cikin duhu. An ce tana ratsa zane. Wani ma da bai taɓa taka gidan ba ya ce ya san inda ake sayar da hotunan. A masallaci, mutumin da ya shekara goma yana haɗa kafaɗa da Maiwada a sahu ya matsa ya bar tazara. Wannan bai yi masa zafi kamar abin da ya tarar a gida ba. Hidaya ta je gidan suna, mata suka yi shiru da ta shiga, aka ba ta tabarma ita kaɗai. Ta dawo ta ninke mayafinta ta sa a ƙasan akwati, ta ce ita da fita sai an wanke sunan gidan nan.

"Kin yarda da su?" ya tambaye ta.

"Ban yarda ba, Malam. Amma ni ake kallo. Ka sauke ƙarfen nan a huta."

"In na sauke, na amsa ke nan."

Aka kira zama a zauren mai unguwa Ndakotsu, wani dattijo Banufe mai ciwon gwiwa, wanda Hausarsa irin ta Minna ce, ba ruwanta da raba mace da namiji. Zaure ya cika har waje. Alhaji Zakiyyu ya yi magana, ya kira Maiwada ɗan leƙe, kuma gaskiya ba za a ce ƙarya ya shirya ba, mutum ne da aka taɓa masa iyali. Da aka juyo kan Maiwada, sai ya miƙe tsaye, abin da ba a saba yi ba a gaban mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, laifina ɗaya ne. Na hau ban aika ba. Wannan na yi, na kuma ba Alhaji haƙuri a gaban kowa. Amma leƙe, ban yi ba, ba kuma zan ba da haƙurin abin da ban yi ba. Alhaji ya zo ya hau ya sa idonsa inda nake sa nawa."

"Ba zan hau ba," in ji Alhaji Zakiyyu. "In na hau, na ce matata ƙarya take ke nan."

Ndakotsu ne ya hau, daren nan, ana tura shi ta baya yana nishi. Ya durƙusa da ƙyar, ya manna ido, ya daɗe. Ya sauko ya tsaya a gindin tsani ya ce wa jama'a, "Ni tauraro daya na gani, karami, ko haske kirki ba shi da shi. Amma Hajiya ma ba karya ya yi ba, karfen gidan shi yake kallo." Wani daga baya ya ce, to me zai hana a sunkuyar da shi in mai unguwa ya tafi? Ndakotsu ya yanke hukunci: ba zai hana mutum hawa saman gidansa ba, amma duk daren da zai hau, sai ya sanar.

Jama'a sun ɗauka kunya za ta hana shi. Wane magidanci ne zai riƙa zuwa kullum ƙofar mutumin da ya kira shi ɗan leƙe? Washegari bayan magariba sai ga Maiwada cikin babbar rigarsa ta Juma'a, da hula, har da turare. Ya tsaya a ƙofar Alhaji Zakiyyu daidai lokacin da masallata ke wucewa, ya yi sallama da muryar da ba a taɓa jin yana da ita ba.

"Salamu alaikum! A gaya wa mutanen gida Maiwada zai hau, daga bayan isha'i zuwa asuba!"

Haka ya yi gobe, haka jibi. Wata ya fito ya yi haske, dararen da ba a ɗaukar hoto, bai fasa ba. Yara suka haddace maganar suna rera ta a hanyar makaranta. Gidan Alhaji kuwa abin ya zame musu ɗauri, don sanarwa ta wajabta wa mata zaman ɗaki, ga zafi, ga tsakar gida a banza. Alhaji Zakiyyu ya jure kwana takwas. A na tara ya kawo magina, tunda siminti ba ya yi masa wuya, aka ɗora bulo layi shida a kan katangar. Da Maiwada ya hau da dare ya durƙusa, bulo ya gani. Tauraron arewa ya tafi.

Ya zauna a kan dekin ya ji kamar ya yi kuka, don ya gane ramin da aka gina masa, ko da Alhaji bai yi da niyya ba. In ya kai ƙara cewa an toshe masa, za a ce me aka toshe in ba tsakar gida ba? In ya daina hawa, za a ce kun gani, ana rufe katanga ya sauka. Ya gwada saita kan da ka, ya ɗauki hoto, taurari suka fito da jela kamar an ja su da tsinke. Saura kwana goma duhun wata ya dawo, kuma shi ne na ƙarshe a bana. Awa shida yake nema.

Da safe ya je wa Josiah da maganar. Josiah ya ce ya taɓa jin akwai hanyar da ake yi ba tare da tauraron arewa ba, amma ta masu haƙurin jaki ce. Za ka kama tauraro ɗaya a tsakiyar sama, ka zuba masa ido ka ga ta ina yake zamewa, ka murɗa noti ɗaya kaɗan. Ka kama wani a gabas, ka jira, ka murɗa ɗaya notin. Ka koma na farko. Haka za ka yi ta yi har zamewar ta tsaya. Maiwada ya yi dariya, karo na farko cikin makonni.

"Ai wannan saita agogo ne, Josiah. Mai gudu a rage masa, mai nawa a ƙara masa. Da shi aka yaye ni."

Ya sa aka zuba masa ginshiƙin kankare a tsakiyar dekin, ya ɗaure kan a kai da ƙusoshi don kada ya sake motsa shi har abada. Simintin ma a shagon Alhaji Zakiyyu ya saya, ya tsaya sai da Alhajin ya ba shi rasit da hannunsa. Dare huɗu ya kwana yana murɗa noti. Wata na haska shi tarwai, duk mai fitowa fitsari a unguwar yana ganinsa a zaune, ya juya wa katangar baya, kansa a sama. Sanyin asuba ya sa masa tari. Hidaya ba ta ce ya sauko ba kuma. A dare na uku ya ji motsi a tsani, sai ga flas ɗin shayi an turo an ajiye a bakin dekin, hannun ya koma.

Duk da haka bai daina zuwa ƙofar Alhaji ba. Wata rana Alhajin ya fito a fusace.

"Malam Maiwada, an yi katanga. Ba sauran abin sanarwa. Ka daina tsaya mini a ƙofa."

"A zaure cike da mutane ka faɗa, Alhaji. Ranar da aka janye maganar leƙen a gaban mutane, ranar zan daina. Kafin nan, mai unguwa ya ce in sanar, ni kuma mai biyayya ne."

Duhun wata ya zo. Daren farko gajimare ya rufe. Na biyu aka kawo wuta ta kwana, fitilun unguwa suka wanke sama, Maiwada ya yi ta harara har asuba. Na uku da na huɗu da na biyar aka ɗauke, sama ta buɗe, kan ya bi Faifai ba ko gezau. Ya sami awa bakwai. Ya haɗa hotunan a tsohuwar kwamfutarsa, ta yini tana huci, da la'asar hannayen suka fito, biyu, a murɗe, da ɗigo-ɗigon shuɗi a jikinsu. Ya daɗe yana kallo, ya ce Allahu akbar a hankali.

Ya wanke hoton babba ya rataye a shago, yana ganin shi ke nan magana ta ƙare. Ina! Wani ya ce hayaƙin mosquito ne aka ɗauka, yana nufin maganin sauro mai murɗe. Wani ya ce ai irin waɗannan cike suke a intanet, kowa na iya saukewa. Wanda ya bar masa tazara a sahu ya kalli hoton ya ce to, wannan ya nuna yana kallon sama, bai nuna ba ya kallon ƙasa ba. Maiwada ya gane hoto ba ya wanke mutum. Ya ji haushi ƙwarai, ya rufe shago da wuri, ya je gida ya sa babbar riga.

Ran nan sama a rufe take ruf, ko tauraro ɗaya babu, kuma aikinsa ya riga ya ƙare. Ya tsaya a ƙofar Alhaji Zakiyyu ya yi sallamarsa kamar kullum. Kafin ya juya, sai ya ji muryar mace daga bayan labulen zaure. Hajiya Rabi'atu ce, wadda tun ranar bokiti ba wanda ya ji ta bakinta.

"Malam Maiwada."

"Na'am, Hajiya."

"Ɗakina ne a jikin katangar nan. Ina jin tarinka har asuba. Mai leƙe ba ya kwana ashirin yana gadin bulo. Ni ban ce na ga kana kallona ba. Cewa na yi na ga mutum a durƙushe da ƙarfe. Tsoro na ji. Sauran maganar kuwa, maza ne suka ƙarasa, ni kuma na ji kunyar in tsayar da su. Ka yafe mini."

Da wani ne, da sai ya ce ba komai, Hajiya, ya wuce, ya tafi gida da sanyin zuciya. Maiwada ya waiwaya. Masallata na dawowa daga magariba, su wajen goma sha biyar, Alhaji Zakiyyu na cikinsu, Ndakotsu na baya yana jan ƙafa.

"Na yafe, Hajiya, tsakanina da Allah. Amma ni kaɗai na ji. Ga su nan tafe. Ki ɗaga murya."

Labulen bai motsa ba. Mutanen suka iso suka tsaya, don sun ga tsayuwar ta yau ta yi tsawo. Alhaji Zakiyyu ya dubi Maiwada, ya dubi labule, ya buɗe baki zai yi magana, sai matarsa ta riga shi. Ta maimaita abin da ta faɗa, kalma-kalma, da ƙarfin da har mai shayi na tsallaken titi ya ajiye ludayinsa. Alhaji Zakiyyu ya sunkuyar da kai ya daɗe, sannan ya miƙo hannu. Maiwada ya bar hannun a miƙe na ɗan lokaci, daidai yadda kowa zai gani, kafin ya karɓa.

Bai tsaya jin ban-haƙurin sauran ba. Ya shiga gida ya tarar da Hidaya tsaye a tsakar gida da muciya a hannu, ta ji komai ta kan katanga, hawaye na zuba ba ta share ba.

"Gobe akwai biki a gidan su ƙawarki Nana Khadija, ko?" ya ce.

"Akwai."

"Ki je da wuri. Ki zauna a tsakiya."